Yadda Ake Koya wa Na'ura Gane Salon Zanen Bango: Darasi Daga Kogwannin Mogao

Wanda ya fara ganin hoton bangon kogo mai lamba 254 a Mogao, tsohon wurin ibada a ƙasar Sin, fuskokin ne ke tsayar da shi. Sun yi duhu, an kewaye su da kaurarran layuka baƙaƙe, sai fari a idanu biyu da wani farin a karan hanci. Mutum zai iya rantsuwa cewa haka mai zanen ya nufa, alhali ba haka ya bar su ba. Lokacin da ya gama aikinsa, wajen ƙarshen ƙarni na 5, fuskokin nan launin fatar mutum gare su, da 'yar inuwa ja-ja a gefen kumatu. Jan dalma ya haɗa a cikin launin, shi kuwa jan dalma idan ya daɗe yana shan danshi da haske, rikiɗa yake yi ya koma baƙi. Abin da muke gani yau, rabi aikin mai zane ne, rabi aikin shekara 1,500.

Duk wanda zai sa kwamfuta ta rarrabe salon zanen tsofaffin wuraren ibada, a nan matsalarsa take. Na'ura ba ta san mai zane ba, ba ta san zamani ba. Abin da ke saman hoto take gani, kuma alamar da ta fi sauƙin kamawa ita take kamawa: tsagar bango, kunkunniyar hayaƙi, hasken fitilar mai ɗaukar hoto. Aikinka tun daga farko shi ne ka toshe mata waɗannan hanyoyin yanke, har ya zamana ba abin da ya rage mata sai hannun mai zanen. Rubuta manhajar kwana biyu ya isa. Shirya abin da za ta koya shi ke cin watanni.

Mogao na da nisan kusan kilomita 25 kudu maso gabas da garin Dunhuang, a lardin Gansu na ƙasar Sin, a bakin hamada, kan tsohuwar hanyar fataken siliki. Wani rubutun dutse na zamanin daular Tang ya ce a shekarar 366 wani ɗan zuhudu mai suna Yuezun ya haƙa kogo na farko a jikin dutsen. Daga nan aka yi ta haƙawa ana zanawa kusan shekara dubu, har zuwa ƙarni na 14. Kogwanni 735 ne, 492 daga cikinsu na da zane ko mutum-mutumi, faɗin zanen bangon kuwa ya kai murabba'in mita 45,000. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1987. Ɗakunan ibada ne na mabiya addinin Buddha, waɗanda hakimai da attajirai da manyan iyalai suka ɗauki nauyin haƙawa bisa imaninsu. Na zaɓi Mogao ne saboda babu wurare da yawa a duniya inda zanen zamuna masu yawa ya jeru a jikin dutse ɗaya. Matakan da za su biyo baya suna aiki a Ajanta ta Indiya ko a haikalan Tailan, sai dai sunayen zamuna su canza.

Fara da tambaya, ba da hotuna ba

“Ina so na'ura ta gane salo” ba tambaya ba ce tukuna. Salon me? Za ka iya tambayar zamanin da aka yi zanen, ko yankin da salon ya fito, ko kuma ko hannu ɗaya ne ya zana bango biyu. Ta ƙarshen ita ce mafi wuya, domin yawancin masu zanen Mogao ba su bar sunayensu ba, kuma aikin gayya ne: babba ya ja layi, yara su cika launi. Mai farawa ya tsaya a kan zamani.

Daga nan sai ka yanke shawarar aji nawa za ka kasa zamunan. Littattafai kan jera dauloli goma: Liang ta Arewa, Wei ta Arewa, Wei ta Yamma, Zhou ta Arewa, Sui, Tang, Dauloli Biyar, Song, Xia ta Yamma, Yuan. Kada ka kwashi jerin nan ka miƙa wa na'ura yadda yake. Sarauta na canzawa rana ɗaya, hannun mai zane ba ya canzawa rana ɗaya. Wanda ya koyi sana'a a ƙarshen Sui, wadda ta faɗi a 618, bai wayi gari da sabon salo don an naɗa sarkin Tang ba. Ga kuma abin da ake kira Dauloli Biyar da Song: a Dunhuang kusan duk zamanin iyalin Cao ne, waɗanda suka riƙe garin daga 914 zuwa wajen 1036, suna da ma'aikatar masu zane ta hukuma. Zanen wannan tsawon lokaci kamar 'yan uwa ɗaya yake. Idan ka raba shi gida biyu, ka tilasta wa na'ura neman bambancin da babu shi, ita kuwa sai ta ƙirƙiro.

Da ni ne, aji biyar zan fara da su: daulolin Arewa na farko, Sui, Tang, zamanin iyalin Cao, sai Xia ta Yamma da Yuan a haɗe. In ya yi kyau, daga baya ka tsaga Tang, tunda kusan shekara 300 ta yi, kuma a tsakiyarta mutanen Tibet sun mulki Dunhuang har zuwa 848.

Akwai tarko na biyu a nan, wanda na fi jin tsoro. Abin da ake zanawa ya canza tare da zamani. A kogwannin farko labaran rayuwar Buddha ta baya suka fi yawa, irin labarin barewa mai launi tara a kogo na 257. A zamanin Tang sai aka koma cika bango guda da hoton aljannar mabiya Buddha, da manyan gine-gine, da tafkuna, da makaɗa. Na'ura za ta lura da wuri cewa in ta ga gini da tafki ta ce Tang, ta ci. Amma fa labari ta gane, ba salo ba. Dillalin huluna a kasuwar Kurmi da yake ɗaga hula ya ce wannan ɗinkin Bama ne, ba siffar adon yake kallo ba, domin kowa na iya kwaikwayonta. Zaman zaren yake kallo, da ƙanƙantar ɗinkin. Kai ma haka za ka sa na'ura ta yi, kuma hanyar ita ce ka tsayar da abu guda da kowane zamani ya zana.

A Mogao babu abin da ya kai masu shawagin sama dacewa da wannan, wato halittun sama masu siffar mutane, waɗanda Sinawa ke kira feitian. Dubbai ne, daga kogwannin farko har na ƙarshe. Ba su da fukafukai, ƙyallayen jikinsu ke ɗauke da su. Na farkon masu kauri ne, jiki a lanƙwashe kamar baka, sandararru, kai ka ce faɗowa za su yi. Na Sui suna tafiya garke-garke, iska na kaɗa su gefe guda. Na Tang sirara ne, ƙyallen ya ninka jikin tsawo yana murɗawa cikin gajimare. Wasu masu bincike a Sin sun wallafa aiki a 2014 a kan irin waɗannan hotuna 660, suka kasa su zamuna uku. Fuskokin bodisatwa, wato tsarkakan da ke kan hanyar zama Buddha, ko adon tsakiyar rufi su ma suna yi.

Inda hotunan za su fito

An hana baƙi ɗaukar hoto a cikin kogwannin, don haka hoton da ka tsinta a intanet yawanci daga littafi aka kwafo shi, an matse shi, launinsa ya jirkita. Tushe mai kyau shi ne Cibiyar Nazarin Dunhuang, wadda aka kafa a 1944. A 2016 ta buɗe shafin Digital Dunhuang da kogwanni 30 da ake iya zagayawa a allo. Hotunan mallakarta ne. Gani daban, kwashewa don koyar da na'ura daban, saboda haka ka rubuta ka nemi izini, ka faɗi abin da za ka yi da su. Akwai kuma International Dunhuang Programme, da can International Dunhuang Project, wanda aka fara a 1994 a Laburaren Birtaniya, amma shi ya fi ƙarfi a takardu da zanen kan siliki da aka kwasa daga kogo na 17, wanda wani mai kula da wurin, Wang Yuanlu, ya gano a 1900. Zanen siliki da zanen bango kada su shiga tukunya ɗaya.

Kowane hoto ka buɗe masa layi a jadawali: lambar kogo, wane bango, wane sashe na bangon, inda hoton ya fito, shekarar da aka ɗauka. Layin “inda ya fito” shi ne mutane ke rainawa. A ce hotunan kogwannin farko duk daga littafi ɗaya ka samo su, na Tang kuma daga shafin cibiyar. Na'ura za ta koyi bambanta takardar littafi da kyamarar zamani, ta kawo maka sakamako mai ƙyalli, alhali ko zanen ba ta kalla ba. Ka tabbata kowane aji ya samu hotuna daga tushe fiye da ɗaya, ko kuma duka su fito daga tushe guda.

Lakabi na bango ne, ba na kogo ba

Nan ne ake bukatar masanin tarihin zane, kuma babu dabarar kwamfuta da za ta tsaya a madadinsa. Jerin kogwanni zai ce maka kogo kaza na Tang ne. Gaskiya ne, a lokacin aka haƙa shi. Sai dai jikokin masu kogon, ko wasu da suka zo bayan shekara 300, sun sake yaɓe mashigin, sun zana nasu a kai. Kogo na 220 misali ne da kowa ke bayarwa: yana da rubutun shekarar 642, amma an rufe zanensa na asali da wani na baya, sai a shekarun 1940 aka ɓare na saman, na Tang ya fito da launinsa. Kogwanni da yawa haka suke, ɗakin ciki zamani ɗaya, mashigi wani zamanin. Idan ka bi lambar kogo ka liƙa lakabi, ka koya wa na'ura ƙarya da hannunka.

Ka kasa lakabin hawa uku gwargwadon ƙarfin hujja. Na sama su ne masu rubutun shekara a jikin bango, irin kogo na 285 mai ɗauke da 538 da 539, da na 220. Na tsakiya su ne waɗanda sunan mai ɗaukar nauyin aikin ko wata takarda ta nuna zamaninsu, kamar kogo na 61 na iyalin Cao, mai babban zanen dutsen Wutai. Na ƙasa su ne waɗanda masana suka sa wa zamani da ido kawai, bisa salo. Waɗannan na ƙasan su suka fi yawa, kuma dole ka yi amfani da su wajen koyarwa. Amma ka riƙe a ranka cewa idan na'ura ta dace da su, ra'ayin masanan ta maimaita, ba ta tabbatar da shi ba. Jarrabawar ƙarshe ka gina ta a kan hawa biyun sama iya iyawarka.

Sai yankan hotuna. Bango guda ya fi ƙarfin abin da na'ura ke haɗiya, don yawancin manhajojin gane hoto, hoto mai fiksel (ɗigon hoto) 224 a kowane gefe suke karɓa. Idan ka matse bango mai mita biyar ya koma haka, layin buroshi ya ɓace, shi kuwa shi muke nema. Yanka za ka yi. Manhaja irin CVAT ko Label Studio za ta ba ka damar zagaye kowane mai shawagi da akwati. Ka yi ƙoƙari ma'aunin ya daidaita, wato santimita ɗaya a bango ta zama fiksel kusan iri ɗaya a duk hotunan, in ba haka ba kaurin layi ba shi da ma'ana. Guntun da yaɓensa ya zube fiye da rabi, ko hayaƙi ya rufe shi, ka ware shi gefe. Wasu kogwannin sun sha hayaƙin girkin sojojin Rasha da aka tsare a ciki wajen 1921, kuma ba ka son na'ura ta ɗauki wannan baƙin a matsayin salon wani zamani.

Rabon da ke hana satar amsa

In ka manta komai a jagoran nan, kada ka manta wannan. Al'ada ita ce a kasa hotuna uku: na koyo, na gwaji yayin koyo, da na jarrabawar ƙarshe. Yawancin darussan intanet za su ce ka cakuɗa hotunan ka raba yadda ta faɗa. A zanen bango wannan satar amsa ce.

Ni kaina na faɗa ramin nan a gwajina na farko. Na cakuɗa, na raba, na koyar, sakamako ya fito da kyau har na tura wa wani abokina cikin dare. Da safe ya tambaye ni abu ɗaya: guntayen da ke cikin jarrabawar, daga waɗanne bangaye suka fito? Na duba, sai ga shi kusan kowane guntu yana da maƙwabcinsa na bango ɗaya a kason koyo. Launin yaɓe ɗaya, tsaga ɗaya ta ratsa su, fitila ɗaya ta haska su. Na'urar bangayen ta haddace. Da na sake rabon yadda ya kamata, makin ya zube, kuma wannan zubabben makin shi ne na gaskiya.

Yadda ya kamata shi ne a raba da kogo. Duk guntun da ya fito daga kogo na 257, ko dai duka suna kason koyo, ko duka suna kason jarrabawa. A scikit-learn, wani kundin kayan koyar da na'ura, akwai kayan rabo masu suna GroupKFold da StratifiedGroupKFold, ka ba su lambar kogo a matsayin rukuni. Tunda kogwannin wasu zamunan kaɗan ne, kada ka dogara da rabo ɗaya: ka kasa biyar, ka koyar sau biyar, kowane karo kaso ɗaya ya zauna jarrabawa, sannan ka duba yadda makin ke hawa da sauka. Wannan zai nuna maka wani abu mai ɗaci, cewa yawan samfuranka na gaskiya shi ne yawan kogwanni, ba yawan guntaye ba. Guntu 3,000 daga kogo 20, shaidu 20 ne.

Wani ƙarin abin lura: masu zanen na amfani da takarda mai huje-huje, su ɗora a bango su buga garin launi, siffa ta fito. An samu irin takardun a kogo na 17. Da su ake jera ƙananan hotunan Buddha ɗaruruwa iri ɗaya sak. Kada ka bar irin wannan maimaici ya cika maka rumbu, ka ɗauki kaɗan daga kowane bango.

Koyarwar kanta

Ba za ka fara daga sifili ba, hotunanka ba su kai ba. Za ka ɗauko manhajar da ta riga ta koyi gani daga rumbun ImageNet mai hotuna sama da miliyan ɗaya, ka ɗora naka darasin a kai. ResNet-50, wadda ta fito a 2015, har yanzu tana aiki lafiya, kuma tana cikin PyTorch, kundin gina irin waɗannan manhajoji, a shirye. DINOv2 ta kamfanin Meta, ta 2023, ita ma ta cancanci gwaji. Ba sai kana da babbar kwamfuta ba, Google Colab, shafin da ke ba ka aron kwamfuta ta intanet, ya isa wannan girman aiki, illa dai ka riƙa ajiye inda ka tsaya a kowane zagaye saboda yankewar intanet.

Ka fara da hanya mai arha. Kada ka taɓa cikin manhajar, ka wuce da kowane guntu ta cikinta, ka karɓi jerin lambobin da take fitarwa kafin hawan ƙarshe na lissafinta, waɗanda a ResNet-50 guda 2,048 ne. Wannan jeri kamar zanen yatsan hoton ne. A kansa ka koyar da ƙaramin mai rarrabewa, minti kaɗan ya gama. Makin da ya ba ka shi ne ma'auninka, duk wata dabara mai tsada da za ta biyo baya sai ta wuce shi kafin ta ci kuɗinta. Bayan nan ne za ka saki hawayen ƙarshe na manhajar su ma su koya, da ƙaramin taku, wato girman gyaran da take yi wa kanta a kowane mataki, irin 0.0001, kana kallon kason gwaji. Da zarar makin koyo na hawa, na gwaji ya tsaya ko ya fara sauka, hadda ta fara, sai ka tsayar.

Ana ƙara yawan hotuna ta hanyar jirkita su kaɗan. Yanke gefe, ɗan karkatarwa, rage ko ƙara haske, duk ba laifi. Kifa hoto sama ya koma ƙasa bai dace ba. Juya dama ta koma hagu yana yiwuwa a masu shawagi, amma a fuskoki da hannaye ka yi hattara, don alamun hannu da kafaɗar da ake bari a buɗe suna da ƙa'ida a addinin.

Azuzuwan ba za su zo daidai ba. Kogwannin Tang sun haura 200, na Liang ta Arewa kuwa ana ƙirga su da yatsu, irin 268 da 272 da 275. Na'urar da ke cewa Tang a kowane hoto za ta samu maki mai ɗan kyau ba tare da ta san komai ba. Ka ƙara wa ƙananan azuzuwa nauyi a lissafin kuskure, sannan ka auna makin kowane aji daban ka ɗauki matsakaicinsu.

Batun launi

Mu koma ga fuskokin nan baƙaƙe. Launi a Mogao shaida ne mai fuska biyu. Ta wani gefen salo ne na gaske: shimfiɗar jar ƙasa a bangayen Wei ta Arewa, farar shimfiɗa a wasu na Wei ta Yamma, koren da ya mamaye na Xia ta Yamma, shuɗin dutsen lazuli da fatake ke kawowa daga Afganistan. Ta ɗaya gefen lalacewa ce, kuma lalacewar na tafiya da shekaru da irin haɗin da aka yi. Na'urar da ta koyi cewa baƙar fuska na nufin tsohon zamani za ta ci jarrabawa, amma ranar da ka kawo mata tsohon zanen da wani yaɓe ya rufe ya kāre shi daga haske, za ta ɓata.

Shawarata ita ce ka koyar sau biyu a kan rabo ɗaya: ɗaya da launi, ɗaya da hotunan da aka mayar fari da baƙi, ko ma waɗanda aka tsamo layukansu kawai. Idan ta biyun ta riƙe yawancin makin ta farkon, to layi da siffa ake koya, hankalinka ya kwanta. Idan ta rushe, launi ne ke ɗauke da komai, kuma dole ka faɗi haka a rahotonka. An ma nuna a bincike cewa manhajojin da suka koya daga ImageNet sun fi karkata ga kaushi da laushin saman abu fiye da siffarsa, shi ya sa ɓarɓashin yaɓe ke saurin jan hankalinsu.

Ka tambaye ta inda ta kalla

Maki ɗaya ba ya faɗin komai. Ka fitar da jadawalin da ke nuna wane aji aka ruɗa da wane. Ruɗa Sui da farkon Tang kuskure ne mai hankali, masana ma na gardama a wannan iyakar. Ruɗa Wei ta Arewa da Yuan, masu tazarar shekara 800, alama ce cewa wani abu ya lalace a hotunanka ko lakabinka.

Sannan ka yi amfani da Grad-CAM, dabarar da ke shafa launi a kan hoto ta nuna wurin da ya fi rinjayar hukuncin na'ura. Ka buga guda 50, waɗanda ta ci da waɗanda ta faɗi, ka baje su a tebur kai da masanin tarihin zanen. Idan hasken na sauka a kan lanƙwasar ƙyalle, ƙwayar ido, yatsun hannu, madalla. Idan yana sauka a kusurwar hoto, ko kan tsaga, ko inda yaɓe ya zube, ka koma baya ka gyara. Wannan zaman tebur shi ne sa'o'in da suka fi amfani a duk aikin, kuma a nan ne wani lokaci ake gano cewa na'urar ce ke da gaskiya, guntun daga sashen da aka sake zanawa ya fito, lakabin ne bai lura ba.

Gwaji mafi tsauri shi ne fita daga Mogao gaba ɗaya. Kogwannin Yulin, da ke gabas kusa da Guazhou, suna da zanen Tang da na iyalin Cao da na Xia ta Yamma. Na'urar da ta koya a Mogao ta kuma gane zamunan Yulin ba tare da ta taɓa ganinsu ba, ita ce za a iya cewa ta kama salo.

Zanen da ake gardama a kansa

Sai bayan duk wannan za ka kusanci abin da ya sa aka fara aikin, wato bangayen da ba a daidaita a kan zamaninsu ba. Kogo na 465 shi ne sananne: zanensa na tsarin addinin Buddha irin na Tibet ne, wasu masana sun kai shi zamanin mulkin Tibet, wasu Xia ta Yamma, wasu Yuan. Ka sani cewa na'urarka ba ta iya cewa “ban sani ba”. Ko hoton akuya ka ba ta, sai ta zaɓi ɗaya daga azuzuwa biyar ɗin, wani lokaci da cikakken ƙarfin gwiwa. Kogo irin 465, wanda bai yi kama da maƙwabtansa ba, shi ne daidai inda amsarta ta fi rauni.

Don haka kada ka tsaya a kan sunan ajin da ta furta. Ka koma ga jerin lambobin nan 2,048, ka nemo guntaye goma da suka fi kusa da kowane guntun kogon, ka ga daga ina suka fito da kuma nisan da ke tsakani. Ka zana taswirar duka guntayen da UMAP, dabarar da ke jera masu kama da juna kusa da juna. Idan na kogon sun shige cikin garken wani zamani, ka samu abin faɗa. Idan sun ware can gefe su kaɗai, abin da ka gano shi ne babu ɗan uwansu a rumbunka, sai ka nemo hotuna daga Tibet ko Khara-Khoto, wani tsohon birnin Xia ta Yamma, ka faɗaɗa kwatancen.

Abin da ka samu ka ajiye shi kusa da sauran shaidu: irin rubutun da ke bangon, tufafin masu ɗaukar nauyin aikin da aka zana a ƙasa, sinadaran launin, da gwajin kabon-14 na auna shekaru da ake yi wa karan da aka cuɗa cikin lakar yaɓe, wanda an riga an yi shi a wasu kogwannin farko na Mogao. A rahoton ka rubuta jerin kogwannin da suka shiga kowane kaso, tushen kowane hoto, wanda ya sa lakabi da hawan hujjarsa, makin mai launi da na marar launi gefe da gefe, da hotunan Grad-CAM na wuraren da ta faɗi, don wanda zai sake gwajin bayanka ya san daga inda zai ɗora.